Elefsina: ƙaramin garin da Atina ta fara cin albarkarsa, daga baya ta maida shi bayan gari

In ka fito daga Atina, babban birnin Girka, ka ɗauki hanyar yamma wadda take zuwa Korinti, akwai wani ɗan mashigi da za ka bi ta tsakanin duwatsun Egaleyo, kana gangarowa daga nan sai teku ta buɗe a gabanka, amma fa ba irin tekun Girka da ake nunawa a hotunan ƴan yawon buɗe ido ba, mai shuɗin ruwa da fararen gidaje. Wannan tankokin mai ne jere, da dogayen bututun hayaƙi, da tireloli, da tsofaffin jiragen ruwa da tsatsa ta cinye suna kwance a gefe kamar matattun shanu. Yawancin masu wucewa gilashi suke ɗagewa su ƙara wuta. To a ƙarshen wannan gaɓar akwai wani gari Elefsina, tafiyar kilomita 20 da ɗan wani abu daga tsakiyar Atina, mutanensa in ka haɗa da ƙauyen Magula da aka liƙa masa a 2011 ba su wuce wajen dubu 30 ba. Abin da ya sa nake son mu tsaya a kansa shi ne, wannan garin da yau ake toshe hanci a wuce, sama da shekara dubu ya yi yana ɗaya daga cikin wuraren da duk duniyar Girkawa da Rumawa suka fi girmamawa, sarakuna da ƙafarsu suke zuwa. Kuma abin da ya ɗaga shi da abin da ya kayar da shi duk abu ɗaya ne, wato inda Allah ya ajiye shi.

Bari mu fara da ƙasar tukuna dan in ba a gane ta ba sauran labarin ba zai zauna ba. Yankin Atika inda Atina take ƙasa ce mai duwatsu da ƙarancin ruwa, zaitun da inabi ne suka fi yi, hatsi kam sai a ƴan wurare. Ɗaya daga cikin ƴan wuraren nan shi ne filin Tiriyasiyo, wani shimfiɗaɗɗen fili da duwatsu suka yi wa ƙawanya ta gefe uku, Egaleyo ta gabas shi ya raba shi da Atina, Farnita ta arewa, Fateras ta yamma. Ta kudu kuma teku ce, sai dai tsibirin Salamina ya zo ya tokare bakin tekun gaba ɗaya ya bar ƴan ƙofofi biyu ƙunƙuntattu, ɗaya gabas ɗaya yamma, sai ruwan ya zama kamar wani ƙaton tafki, ba igiya ba hauka, zurfinsa ma inda ya fi zurfi mita 30 da ƴan kai ne. Sannan ga hanya: duk wanda zai tashi daga Atina zuwa Megara da Korinti da kudancin Girka ta ƙasa dole ta nan zai bi, mai zuwa Tiba ta tsohuwar hanya shi ma a nan yake karkata arewa. Ga gona, ga mafakar jirgi, ga mararraba. Ka riƙe waɗannan ukun.

A zamanin da sunan garin Elusis, kuma tun fiye da shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) akwai mutane a kan ɗan tudun da ke bakin ruwan. Girkawan wancan lokacin masu bautar gumaka ne, kowane abu da nasa abin bautar, ta noma da hatsi ita ce Dimitra. Tatsuniyarsu ta ce wai Fuluto sarkin ƙarƙashin ƙasa ya sace mata ƴa mai suna Fasifoni, uwar ta bazama nema har ta iso Elusis a siffar tsohuwa ta zauna a bakin wata rijiya tana baƙin ciki, ta hana ƙasa tsiro, yunwa ta kusa gamawa da mutane, sai aka yi sulhu a kan yarinyar za ta riƙa yin wani ɓangare na shekara a ƙasa wajen mijin sauran kuma wajen uwar. Har yau in ka shiga kangon za a nuna maka rijiyar da wani kogo da suke cewa ta nan ake shiga ƙasa. Mu a wajenmu tatsuniya ce kawai, amma manomi zai gane abin da ake nufi ba sai an yi masa fassara ba, iri ne da ake binnewa ya ɓace sannan ya dawo. Kuma wani abu da yake rikita mutum, su damunarsu a lokacin sanyi take, wajen Oktoba da Nuwamba ake shuka alkama da sha'ir a girbe a farkon zafi, rani kuma ƙasa ta bushe ƙamas, shi ya sa babban bikin Elusis yake faɗowa wajen Satumba gab da shuka, lokacin da kowa hankalinsa yake kan ko irin zai fito.

Da farko garin cin gashin kansa yake da nasa sarakunan, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, Atina ta haɗiye shi tun wajen ƙarni na 7 kafin miladiyya. Su kansu Girkawa labarin da suke bayarwa shi ne an gwabza yaƙi aka yi sulhu a kan mutanen Elusis za su bi Atina a komai banda harkar bautar, wannan a bar musu. A takarda an bar musu ɗin, gidaje biyu na garin, Yumolfidai da Kerikes, su suke gadon manyan muƙaman wurin bautar kaka da kakanni. Amma ka duba yanda bikin yake tafiya ka gane wa yake riƙe da akalar. Kafin biki sai a kwashi kayan tsafin daga Elusis a kai su Atina a ajiye a wani ɗaki da aka gina musu a gindin Akurofolis, tudun manyan ɗakunan bautar birnin, a Atina ake shelar buɗe biki, a gaɓar Atina masu shiga suke wanka a teku kowa da ɗan aladensa na yanka, wani babban jami'in gwamnatin Atina ne mai sa ido a kan komai, sai daga baya dubban mutane su ɗunguma a ƙafa su bi hanyar da suke kira tsarkakkiyar hanya, Iyera Odos, yini guda cur ana tafiya ana waƙa har a isa Elusis da dare da tocilan wuta. Sunan titin nan bai canza ba har yau, yanzu dai garejin makanikai da gidajen rawa ne a gefensa.

Har haraji Atina ta ɗora da sunan wurin. A ƙarni na 5 kafin miladiyya, lokacin tana kan ganiyarta, ta yi doka aka sassaƙa a dutse cewa ita da duk garuruwan da ke ƙarƙashinta kowa ya kawo nunan fari Elusis, kashi 1 cikin 600 na sha'ir da kashi 1 cikin 1200 na alkama, sauran Girkawa ma aka ce ana gayyatarsu su kawo. Hujjar ita ce wai ai daga nan aka koya wa ƴan Adam noma, dan haka duniya bashi ake binta. Siyasa ce tsagwaronta aka sa mata rigar addini, in ka tambaye ni.

Shi kuwa abin da ake yi a cikin babban zauren, Telestiriyon, wani ƙaton ɗaki mai kusurwa huɗu da kowane gefensa ya haura mita 50 da matakalan zama a sassaƙe cikin dutse da zai ɗauki mutum dubbai, wannan shi ne abin mamakin, dan har yau ba wanda ya san shi dalla-dalla. An san ana azumi, ana buɗe baki da wani kunun sha'ir da ganye mai ƙamshi, an san akwai abin da ake faɗa da abin da ake yi da abin da ake nunawa, kuma waɗanda suka shiga suna fitowa suna cewa sun daina tsoron mutuwa. Iyakarta kenan. Hukuncin tona asirin kisa ne, kuma ba wasa ake ba, a shekara ta 415 kafin miladiyya an zargi Alkibiyadis, babban kwamandan yaƙin Atina, da kwaikwayon bikin a gidan shaye-shaye, aka aika a dawo da shi daga fagen daga, ya gudu wajen abokan gaba Sifata, aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa. Ka yi tunanin asirin da mutane dubbai suke shiga duk shekara, maza da mata har da bayi, sharaɗin kawai ka iya Girkanci kuma babu jinin wani a hannunka, a yi shekara sama da dubu ana yi amma bai fasu ba. Yau a ce mutum biyar su riƙe magana a guruf ɗin WhatsApp na kwana biyu ma aiki ne.

A wannan ruwan da ke gaban garin, ta ƙofar gabas, aka yi yaƙin Salamina a 480 kafin miladiyya inda jiragen Girkawa suka jawo na Farisa cikin matsatsi suka ragargaza su, sarkin Farisa yana zaune a kan Egaleyo yana kallo. Eskilos, wanda ake ɗauka uban wasan kwaikwayon Girkawa, ɗan Elusis ne, wajen 525 kafin miladiyya aka haife shi. Da Rumawa suka zo su ma ba su raina wurin ba, sarki Hadiriyan ya shiga asirin har ya gina gada a kan rafin garin wadda take nan har yanzu, Markus Oriliyus ma ya shiga kuma shi ya gyara wurin bayan wasu mahara daga arewa sun ƙona shi a 170 miladiyya. Ƙarshen abin ya zo ne da Kiristanci ya zama addinin daula, sarki Tiyodosiyus ya haramta bautar gumaka a 392, bayan ƴan shekaru kaɗan Alarik da rundunarsa ta Gotawa suka bi ta kan garin, shikenan wuta ta mutu.

Daga nan sai dogon barci. Garin ya koma ɗan ƙauye da ake kira Lefsina, a tsakiyar zamani wasu mutane Arbanitawa masu wani karin harshen Albaniya suka zo suka zauna a yankin, suna noma da kiwo, suna gina gidajensu a kan kangon da duwatsunsa. Akwai wani labari na lokacin mulkin Turkawa da nake ganin ya fi komai nuna halin da garin yake samun kansa kullum. A 1801 wani Bature ɗan Ingila Edward Daniel Clarke ya iso ƙauyen ya tarar da wani ƙaton mutum-mutumin mace na marmara da kwando a ka, a binne cikin tarin taki har wuya, mutanen ƙauyen Kiristoci ne amma suna kiranta waliyyiya Dimitra, sun yarda ita take sa gonakinsu albarka kuma ranar da aka ɗauke ta amfani zai lalace. Malam ya je Atina wajen gwamnan Turkawa ya ba shi kyautar madubin hangen nesa ya karɓo takardar izini, ya dawo ya sa aka ja ta zuwa bakin ruwa mutanen gari suna ji suna gani. Jirgin da ya ɗauko ta sai da ya nitse a gaɓar Ingila, aka tsamo ta, yau tana gidan tarihin Fitzwilliam a Kambirij, ƴar uwarta kuma tana ɗan gidan tarihin Elefsina. Ka lura, a Atina aka sa hannu, ba a tambayi kowa a ƙauyen ba.

To yanzu ka dawo da abubuwa ukun nan da na ce ka riƙe. Bayan Girka ta samu ƴanci Atina ta zama babban birni a 1834 ta fara kumbura, masu kuɗi suka fara neman inda za su kafa masana'anta, ana son fili shimfiɗaɗɗe mai arha, ana son ruwa mai kwanciya da jirgi zai tsaya ya sauke gawayi ya ɗauki kaya, ana son hanya da layin dogo, sannan, ko da ba a faɗa da baki ba, ana son wurin da hayaƙin ba zai dami manya ba. Dutsen Egaleyo ya zama kamar katangar da ke tsakanin falo da juji. A 1875 aka buɗe kamfanin sabulu na ƴan uwan Harilawu a bakin ruwa, a 1902 kamfanin Titan ya kafa masana'antar siminti ta farko a duk Girka a nan Elefsina, sai na giya da sinadarin barasa irin su Votrys da Kronos, sai na fenti Iris a 1925. Abin ban dariya ko ban haushi, a daidai wannan lokacin ne, daga 1882, masu binciken tarihi na Atina suka fara tone kangon suna tayar da mutane daga gidajen da ke kansa. Wato haƙa biyu ake yi kafaɗa da kafaɗa a tudu ɗaya, waɗancan da ƙaramin cebur da burushi suna lallaɓa dutse, waɗannan da nakiya suna fasa shi a kai murhun siminti, har wata tsohuwar hasumiya ta tsakiyar zamani da ke kan tudun yamma ta tafi da ita da tudun.

Masana'anta kuma hannu take so, hannun ya zo daga musiba. Bayan Girka ta sha kaye a yaƙinta da Turkiyya a 1922 aka yi yarjejeniyar musayar jama'a a 1923, Kiristoci sama da miliyan 1 suka baro Turkiyya zuwa Girka, Musulmi wajen dubu 400 suka bar Girka zuwa Turkiyya, addini aka duba ba harshe ba. Dubban ƴan gudun hijirar nan aka zuba a gefen Atina da Firiyas, garin tashar jiragen ruwanta, wasu suka faɗo Elefsina, cikin ƴan shekaru yawan mutanen garin ya kusa ninkawa. Ba su da gona ba su da jari sai ƙarfinsu, masu kamfani kuwa abin nema ya samu. Daga baya ƴan ci-rani daga Kirit da sauran tsibirai da ƙauyukan tudu suka biyo, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet Girkawan bakin Bahar Aswad suka zo, yanzu kuma a filin Tiriyasiyo za ka ga ƴan Albaniya da Fakistan a rumbunan kaya. Shi ya sa in aka ce maka Elefsina unguwar bayan Atina ce kar ka ɗauka irin su Kifisiya ce inda masu hali suke kwana su shiga birni da safe, nan garin leburori ne, mutane suna shigowa aiki ne.

Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya ƙara girma, kamfanin ƙarafa na Halyvourgiki ya dawo nan a farkon shekarun 1950, matatar mai a Asfurofirgos maƙwabciyarta a 1958, wurin ƙera jiragen ruwa a ƙarshen shekarun 1960, sai wata matatar a gefen yamma na garin kansa a farkon shekarun 1970 zamanin mulkin soja, lokacin da ba mai bakin cewa a'a. Ga filin jirgin saman soja a bayan gari, inda jiragen kashe gobarar daji suke tashi duk rani. Garin da yake bakin teku ya wayi gari kusan ba shi da inda yaro zai sa ƙafa a ruwa.

A nan ne ƙasar ta juya musu baya. Duwatsun da suka kare filin su ne suke hana iska wucewa, hayaƙi ya tashi ya rasa hanya ya dawo ya zauna a kan gidaje, ga zafi, dan a Elefsina aka auna digiri 48 ranar 10 ga Yulin 1977, kuma shi ne zafi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a duk Turai har sai da Sisili ta karya shi a 2021. Tsibirin da ya hana igiya shigowa shi ya hana dattin fita, ruwan ba ya sauyawa da sauri, da rani kuma na sama ya yi ɗumi ya ƙi gauraya da na ƙasa sai iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare a can ƙasa, ga dagwalon masana'antu, ga kuma ƙazantar Atina gaba ɗaya da ake zubarwa ba tacewa a Keratsini dab da ƙofar gabas har zuwa 1994 da aka buɗe matatar ƙazanta a ɗan tsibirin Fisitaliya. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, siminti da ƙarfen da suka gina benayen Atina daga nan suka fita, amma su garuruwan filin Tiriyasiyo ko magudanar ƙazanta ta kirki ba su samu ba sai da kotun Tarayyar Turai ta kama Girka da laifi a 2004, sannan ta ci tararta a 2018 a kan maganar dai. Ko ambaliyar Mandra ta Nuwamban 2017 da ta ci rai sama da 20 a garin da ke jikin Elefsina, ruwa ne ya gangaro daga Fateras ya tarar an yi gini a kan hanyarsa.

Gaskiya ruwan da iskar sun fi da kyau yanzu, sai dai kar a yi saurin yabon kowa, wani ɓangare doka ce da matsin mutanen gari, wani ɓangaren kuma kawai kamfanonin ne suka mutu, na sabulu da na giya da na fenti duk sun zama kango, na ƙarafa ma matsin tattalin arzikin da ya kama Girka daga 2010 ya durƙusar da shi. Hayaƙi ya ragu, albashi ma ya ragu, kuma wanda ya yi shekara 30 yana tari amma yana ciyar da gida ba lallai ya gode maka ba.

Su mutanen garin sun ɗan samu abin da suka riƙe. Tun 1975 suke bikin Eskiliya duk ƙarshen rani da sunan ɗan garinsu, yanzu a cikin kangon tsohon kamfanin sabulun ake yinsa, kuma a 2023 Elefsina ta riƙe kambun birnin al'adun Turai tare da Timishowara ta Romaniya da Besfirem ta Hangari, asali 2021 aka ba ta korona ta ɗage shi. An yi wasanni an gyara wasu gine-gine, amma matatar tana nan tana ci da wuta a bayan masu kallo. Ni abin da ya fi burge ni ma ba wannan ba ne, wani ɗan coci ne a kan tudun cikin kangon, duk 20 ga Nuwamba da yamma mata suke hawa da dafaffen hatsi gauraye, alkama da wake da sauransu, a yi addu'a a raba, sunan bikin ma na tsakiyar shuka ne, a garin da yanzu da ƙyar za ka ga gonar alkama.

Su kuma manya idonsu yana kan ruwan har gobe. Tun 2016 kamfanin COSCO na ƙasar Sin ya mallaki mafi yawan hannun jarin tashar Firiyas wadda take nan kusa bayan ƙofar gabas, abin da bai yi wa Amurka daɗi ba ko kaɗan, sai ga shi a 2023 hukumar ba da rancen raya ƙasashe ta gwamnatin Amurka ta amince da bashin dala miliyan 125 ga kamfanin ONEX dan ya farfaɗo da wurin ƙera jiragen Elefsina da bashi ya kusa binnewa. Leburorin da suka yi shekaru suna bin albashi sun koma aiki, su kuma masu fatan wata rana a buɗe musu gaɓa su ga teku daga ƙofar gida sai su ƙara haƙuri, dan wannan karon ba a Atina kaɗai ake sa hannun ba, har da Washinton.